Telar da Ke Yanke Zare da Haƙori

Ni tela ce, shekarata goma sha ɗaya a kan keken ɗinki. Kafin in haihu, ni ce alƙaliyar tarbiyya a layinmu. Ɗan kowa ya yi birgima a shagona sai in taɓe baki in ce, "Ai laifin uwa ne." To, Allah ya ji ni, ya ba ni ɗana Janar.

Shekararsa huɗu, kuma cizo ne sana'arsa. Ya ciji 'yar maƙwabciya, ya ciji mai gyara mini keke, ya ciji kakarsa a gwiwa tana gyangyaɗi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sha kuka a banɗaki da famfo a buɗe don kada a ji. In waya ta yi ƙara da rana, na san ƙararsa za a kawo mini. Sau biyu ina ɗinke wuyan rigar mutane ruf.

Da ya ciji yaro na uku a makarantar renon yara, shugabar ta kira ni ofis tare da shi. Ta ce in ya ƙara, in nemi wani wuri. Wannan ce makarantarsa ta biyu, in kuwa ya dawo shago wuni guda, ɗinki ya tsaya ke nan.

Na gyara zama. "Malama, wallahi ban san inda ya kwaso ba. Kaf gidanmu babu mai wannan hali. Sai dai ko dangin ubansa."

Ina cikin rantsuwa na hango zare yana reto a wuyan rigarsa. Wace tela ce za ta ga zare ta ƙyale? Na jawo yaron, na sunkuya, na sa haƙori, ƙat!

Shugabar ta zuba mini ido.

Janar ya ce, "Malama, kin gani? In abu ya ƙi saki, haka Mama take yi. Shi ma yaron ƙin sakin motata ya yi."

Zaren na manne a leɓena, na rasa inda zan tofar. Tun yana rarrafe na ɓoye almakashi a saman kabad don kada ya ji ciwo, na koma yanka da haƙori, shi kuma yana ƙarƙashin keke yana ɗaukar darasi.

Shugabar ta danne dariya da ƙyar. Ta ce ta ba mu wata ɗaya, mu biyun.

A hanya kunya da takaici suka ishe ni, ban san na sa yatsa a baki na ciza ba. Janar ya kama hannuna ya janye, ya hura mini wurin a hankali.

"Mama, ba a cizo," in ji shi. "Za su kore mu."