Lambar Mamaci

A gidajen ma'aikatan masaƙa, Malama Daidai ake ce mata, kuma ba yabo ba ne. Tun tana ƙarama, in ta ga takalman yara a warwatse a ƙofar ɗaki, sai ta watsa su kwata.

Mahaifinta ya rasu tana goye, uwar ta bi shi. Ƙaninsa ne ya riƙe ta a ɗakin marigayin, ya tsaya mata har ta karanci kwamfuta. Da ta gama, masaƙar ta ɗauke ta ta gyara ma'ajiyar bayanan ma'aikata, wadda ta daɗe a cakuɗe.

Ƙa'idarta ɗaya, har abokan aiki sun haddace: lambar ma'aikaci ita ke fayyace sunansa da ranar haihuwarsa da ɗakinsa, amsa ɗaya tak. Lambar da ta ba da amsa biyu, ɗayar ƙarya ce.

Ran nan ta ci karo da lamba mai ranar haihuwa biyu da rukunin jini biyu. Sunan mahaifinta ne a kai. Layi na biyu daga asibitin masaƙar ya fito, kuma baffanta aka gwada. Ashe bayan jana'iza katin yayansa ya ɗauka ya ci gaba da zuwa aiki, don kada a karɓe ɗakin.

Manaja ya leƙa allon ya ce, "Kowa ya san wannan, 'yata. Goge layi ɗaya mu wuce."

"Wanne? Na mamacin ko na mai satar lambar?"

Ta tsallake manajan, ta kai magana sama.

Da ta koma gida ta tarar da baffa yana jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi. Bai ɗago ba.

"An ce ke ce."

"Ni ce, Baffa. Lambar ta mamaci ce."

"Da ita na raine ki."

"Na sani. Amma ba taka ba ce."

Baffa bai samu sabuwar lamba ba, don ya wuce shekarun ɗauka aiki, kuma a ma'ajiyar bai taɓa aikin ko yini ɗaya ba. A baro ya fitar da katifarsa, maƙwabta suna kau da kai. Ɗakin ya koma kan lambarta.

Yanzu gadi yake yi a wata makaranta. In ya zo ganinta, a bencin baƙi take sa a zaunar da shi, sai ta tashi daga aiki.