Cokali Uku a Jikin Bututun Hita

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarar cokali ce a jikin bututun hita mai ɗumama ɗaki, kuma bana shekara shida ke nan da na ji ta a karo na ƙarshe.

Marisol maƙwabciyata ce a unguwar Tompkinsville, nan ƙasar waje inda muke zama, gidanta a saman nawa. Mutuniyar Honduras ce, tana goge-goge a gidajen mutane, ba ta da takardun zama. Ba ta buɗe wa kowa ƙofa, haka kuma ta koya wa ƴarta Lusiya, wadda aka haifa a nan. In zan hau, sai na fara buga bututun kicin ɗina sau uku, sannan ta zare sakata. In ita ke nemana, ta buga daga sama. Turancinmu duka gurgu ne, amma da shi muka yi shekara huɗu, ina kai mata tuwo, tana sauko mini da wake.

Ciwon sukari gare ta. Da tana zuwa asibitin unguwa karɓar magani, sai aka fara raɗe-raɗin an ga motar jami'an shige da fice a bakin layin. Ko gaskiya ne, Allah masani. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Wata Talata da hantsi ina tankaɗe gari na ji cokalin. Na hau na tarar ƙafarta ta kumbura, wani ɗan gyambo da ta ɓoye mini ya yi baƙi. Na ɗauki waya, ta riƙe mini hannu.

"Hajiya, kada ki kira. In suka tafi da ni, wa zai riƙe Lusiya?"

Na ajiye wayar. Na yi abin da na tashi na ga ana yi a gida: na dafa zogale, na gasa ƙafar da ruwan gishiri, na tofa mata addu'a duk da ba addininmu ɗaya ba, ita kuma ta ce amin. Kwana uku ina wannan. A na huɗu na kira motar asibiti ba da izininta ba. Babu wanda ya tambaye ta takarda a can. Likita dai ta dube ni ta ce mun makara. A can Marisol ta rasu. Wannan laifina ne, ina neman gafarar Allah a kansa kullum.

Amma su fa? Manyan gwamnati masu ɗaure wuya da taye su hau talabijin su ce suna tsare ƙasa. Daga wa? Daga mace mai goge musu banɗaki? Ƙarti majiya ƙarfi, wai aikinsu a duniya su sa mai ciwo ta ji tsoron likita, su koma gida su ci abinci hankali kwance. Ko hannu ba su sa wa Marisol ba, ba su ma san da ita ba. Sun dai bar tsoro ya yi musu aikin.

Namu ma ban manta ba. Wani Alhaji mai shago, wanda tawadar takardunsa ba ta gama bushewa ba, ya ce mini a wajen gaisuwa, "Hajiya, ai doka doka ce." Yau ga ƙannensa masu talla a Canal Street suna naɗe kaya da zarar sun hango baƙuwar mota, ban ji ya maimaita ba. Da Marisol na nan, na san ba dariya za ta yi musu ba. Koya musu buga bututu za ta yi.

Abin da ta bari shi ne Lusiya, tana wajen ƴar'uwar mahaifiyarta, ta shiga sakandare. Shekararta bakwai lokacin rasuwar. Ranar da muka dawo daga jana'iza, tana zaune a kicin ɗina aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta daskare, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Umma, tunda Mama ba ta nan, yanzu zan iya buɗewa?"