Soron da Yaya Ya Gina wa Inna

Yayana ya karanta zanen gine-gine a Amurka, a hannun wani tsohon Bature da ya ƙare rayuwarsa yana gina sabbin gidaje masu kama da tsofaffi. Wai a can sana'a ce. A gina wa mutum gida sabo fil, amma ya fito kamar na kakan kakansa. Da Yaya ya ba mu labari, Inna ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da ya dawo sai ya zauna a Abuja, ganinsa ya koma sai a waya. Abin yana cin Inna, ba ta dai faɗa. Rannan sai ga shi a Kazaure, wai zai gina mata soro irin na da, na tubali da azara, da zankaye a sama. Ni kam raina ya ɓaci. Matar da ta tsufa tana tarar yoyo, da ƙyar muka yi mata ɗakin bulo mai rufin kwano, ita za a mayar ginin ƙasa?

Na ce, "Yaya, don Allah gidan tarihi kake so ko ɗakin Inna?"

Ya ce, "Ke ba ki san abu mai kyau ba."

Aka kwaso jar ƙasa daga wajen Roni, soro ya tashi. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, har masu keke suna rage gudu. Inna ta zagaya shi, ta shafa bango, ta ce za ta shiga, amma da sharaɗi. Rufin ƙasa sai an yi masa yaɓe duk shekara kafin damina, kuma a gidanmu ba a taɓa ɗauko bare ya yi ba. "Marigayi babanku ne ke hawa. Yanzu kai ne." Yaya ya yi dariya ya ce to.

Shekarar farko ya zo, ya hau, har da ɗaukar hoto. Ta biyu ya turo leburori. Inna ta sa aka dama musu fura, suka sha, ta sallame su. Na yi magiya ta koma ɗakin bulo, ta ƙi. Ruwan farko ya sauka, rufi ya fara ɗiga daidai kan gadonta. Na kira Yaya ina kukan haushi, na juya masa wayar ya ga uwarsa zaune a bakin katifa da roba a cinya.

Washegari da la'asar ya iso, ya naɗe wando, ya hau. Ni ce mai miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a daro. Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana kallonsa, ko ƙiftawa ba ta yi.

Na ce, "Haba Inna, da kin bar leburorin nan ai da tuni an gama."

Ta ce, "Na sani. Rage cika daron nan, kada ya gama yau."