Ƙusar da Hammanjoda Ya Haɗiye

Shekara talatin da biyu Hammanjoda ya yi yana haɗa kujerun kushin a Sabon Layi, kuma kowa ya san shi da kumburarren kunci. Ba ciwo ba ne. Ƙananan ƙusoshi yake zubawa a baki, bakwai-bakwai, yana turo su da harshe ɗaya bayan ɗaya, hagu na jan yadi, dama na bugu. Haka maigidansa ya koya masa tun gemu bai fito masa ba. In ka gaishe shi yana aiki, da gira zai amsa maka.

Ya yi wa amare kujeru, ya yi wa ofisoshi, amma ɗakin matarsa Adi daga gado sai tabarma. Da gwiwoyinta suka gaza, ta koma yin salla a bakin gadon nan mai tsawo, ƙafafunta na reto, sai kunya ta kama shi. Ya kwaso ragowar katako gida, ya auna da igiya daga dunduniyarta zuwa gwiwa, ya haɗa ɗan benci. Ya manna masa soso mai kauri, ya samo yadi kore shar kamar ganyen gyaɗa a tsakiyar damina.

Ranar Talata da hantsi yana tsakar gida yana jan yadin, gefe biyu sun kamu. Ya zuba bakwai a baki, ya buga ɗaya, ya buga ta biyu. Sai tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi.

Wanda ya taɓa barin Mubi da ƙafa ya nufi duwatsu lokacin rikici, irin Hammanjoda, ba ya jin irin wannan ƙara kamar sauran mutane. Jikin Hammanjoda ya zabura kafin hankalinsa ya gane taya ce. Ya ja numfashi, ya haɗiyi yawu, ya ji wani abu mai sanyi ya karce maƙogwaronsa ya wuce.

Ya tofa a tafin hannu. Huɗu. Biyar ya kamata ya gani.

Ya durƙusa yana shafa ƙasa. Ya kakkaɓe riga, ya laluba gemu, ya leƙa cikin takalmi.

"Malam, me ya faɗi?" in ji Adi daga madafa.

"Ba faɗuwa ta yi ba," ya ce, muryarsa ta koma siririya. Ya nuna cikinsa.

Ta saki ludayi. "Asibiti. Yanzu."

Ya girgiza kai. Ƙanensa Mahmoud da ƙafarsa ya shiga tiyatar ƙaba, a lulluɓe aka fito da shi. Tun daga ranar, ko warin asibiti Hammanjoda ya ji sai tafinsa ya jiƙe.

Salatin Adi ya jawo maƙwabcinsu Zacharia, mai keke Napep. Da ya ji labari ya ce, "Baba, a ƙauyenmu auduga ake dunƙulawa cikin ayaba a haɗiye, ta naɗe bakin ƙusar."

"Kai Zacharia, ka ji tsoron Allah," Adi ta ce. "Cikin nasa kushin ne da za a cusa masa auduga? Ta da kekenka."

Hammanjoda ya zauna a bayan keken a miƙe kamar an dasa shi, ya dafe ciki da hannu biyu. Kowane rami suka faɗa sai ya rufe ido ya jira tsinin ya huda shi.

Aka yi masa hoton ciki. Likita, wata matashiya mai tabarau, ta ɗaga hoton a jikin taga. Ga ta nan kwance cikin duhun jikinsa, fara, ƙarama, da kanta da tsininta. Dubbai irinta sun bi ta leɓensa, bai taɓa tsayawa ya kalli ɗaya ba sai yau.

"Baba, za mu ba ta kwana uku ko za ta wuce da kanta," in ji likitar. "In ka ji ciwo mai tsanani, ko ka ga jini, ka dawo nan take. Sai tiyata."

Kwana ukun nan Hammanjoda ya yi su kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Bai sunkuya ba. Tari ya taso masa, ya danne shi har idanunsa suka kawo ruwa. Ruku'u ya gagare shi don tsoro, sai ya jawo bencin da bai gama ba, yadin na lilo ta gefe biyu, ya yi salla a zaune a kansa. Tsakanin salloli yana sauraron cikinsa. Ɗan kukan hanji da bai taɓa kula da shi ba yanzu sai ya tsayar masa da numfashi.

Ranar Alhamis da la'asar wani abu ya soke shi ƙasan cibiya, sau ɗaya, ya lafa. Zufa ta karyo masa. Ya kira Adi a hankali.

"In ta Allah ta kasance, gudumata da zarto ki ba..."

"Ba na ji," ta ce. "Mutum ya bar mini benci rabi tsirara, yana rabon guduma. Ci tuwonka."

Ya ci, loma ƙanana, da miyar kuɓewa mai yauƙi.

Ranar Juma'a da safe aka sake hoton. Likitar ta ɗaga shi a taga ta daɗe tana dubawa, ta gyara tabarau, ta sake dubawa.

"Baba, ta fita."

"Yaushe?"

"Ai ba ta yi mana sallama ba."

Bai yarda ba sai da ya karɓi hoton da hannunsa, ya bi shi da yatsa lungu-lungu kamar mai neman tsaga a jikin katako. Duhu ne kawai, da ƙasusuwansa. Sai ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya saki tarin da ya riƙe kwana uku, ya yi ta yi, hawaye na bin gemunsa, Adi na bubbuga bayansa da ƙarfin da ya wuce na lallashi.