Tolegen Ospan da Ɗan Autansa na Kan Tsauni

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayi Tolegen Ospan a shekarar 1952 a garin Talgar, a gindin tsaunukan Alatau. Mahaifinsa, Ospan, makiyayin dawaki ne a gonar gwamnati, mahaifiyarsa Kulyash kuwa masaƙiyar darduma ce. Duk lokacin zafi iyalin kan haura wuraren kiwo na kan tsauni, inda ya koyi ɗaure sassan tantin gashi, ya kuma sha jin mahaifinsa yana cewa tantin kirki shi ne wanda za a zare masa sanda guda bai rufta wa na ciki ba. Yaron bai riƙe maganar ba, domin a lokacin hankalinsa na kan rediyon maƙwabta da ya kwance ya kasa mayarwa.

Karatu da kama aiki

Ya kammala sakandare a 1969, sannan ya yi nazarin fiziks da lissafi a jami'a a Almati. A 1974 aka tura shi tashar bincike da ke ƙwanƙolin tsauni, inda masana ke nazarin ƙwayoyin zarra masu zubowa daga sararin samaniya. An warwatsa rumfuna goma sha biyu a kan dutsen, kowace da na'urorinta, kuma yayyafin ƙwayoyin kan sauka ya wuce kafin ƙiftawar ido, don haka wajibi ne a tattaro abin da kowace rumfa ta ji a lokaci guda zuwa babbar kwamfuta. Tolegen ne ya rubuta manhajar da ke wannan aiki. Dunƙule guda ya yi ta, babu mai gane kanta sai shi, kuma idan rumfa ɗaya ta yi shiru, sai manhajar gaba ɗaya ta tsaya jira har ya zo ya taɓa ta. Gaskiyar magana, wannan ya yi masa daɗi, don mutum na son a ce ba a yi sai da shi.

Aure da iyali

A 1978 ya auri Zauresh, malamar makaranta a Talgar, mace mai haƙuri amma ba mai haɗiye magana ba. Ita ce ta laƙaba wa manhajar suna ɗan auta. Wata rana ya sauko hutu, ko shayi bai shanye ba aka bugo waya ana nemansa, sai ta ce, "Baban Yerbol, 'ya'yanka uku ni kaɗai na yaye su. Wannan ɗan autan naka na kan dutse fa, yaushe za a yaye shi? Ko sai ya yi gemu?" Ya yi dariya ya ɗauki hularsa.

Rasuwar mahaifinsa

A hunturun 1987 Allah ya yi wa Ospan rasuwa. Tolegen ne babban ɗa, kuma babban ɗa ba ya tashi daga zaman makoki sai an yi sadakar bakwai. Yana can dusar ƙanƙara ta tsinke wayar rumfa guda, manhajar ta tsaya cik, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne babban yayyafin da tashar ta shekara goma sha uku tana jira ya sauka. Farantan hoto masu ɗaukar sawun ƙwayoyin sun nuna ya zo, amma ba a samu ko lamba guda a kwamfuta ba. Shugaban tashar, Farfesa Valentin, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba laifinka ba ne, ɗana. Amma daga yau ko mutuwa za ka yi, sai ka nemi izini." Tolegen bai yi dariya ba. Baƙin ciki biyu suka haɗu masa, kuma a nan ne maganar mahaifinsa kan tanti ta dawo masa.

Sabon gini

Daga 1988 ya fara wargaza manhajar yana sake gina ta sashe-sashe: wani ya karanta na'ura, wani ya buga lokaci, wani ya aika, wani ya tattara ya adana, ta yadda kowane zai ci gaba ko da ɗan uwansa ya mutu. Kowace rumfa ta samu ƙaramar kwamfutarta da ke riƙe bayananta har hanya ta dawo. Bayan rugujewar Tarayyar Soviet yawancin ma'aikata suka watse, shi kuwa ya zauna, Zauresh tana aiko masa da busasshen nama da cuku. A 2003 aka haɗa agogon rumfunan da tauraron ɗan Adam, aikin ya kammala. Ya koyar da matasa kowane sashe, har yakan zare waya da gangan, in sun zabura ya ce, "Ku bar ɗan autan ya yi kuka, haka ake yaye." Duk da haka, ko bayan ya yi ritaya a 2015 zuciyarsa ba ta natsu ba, ya hana a bar tashar babu kowa ko na yini guda.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu a watan Fabrairu na 2019 bayan gajeruwar rashin lafiya, yana da shekara sittin da bakwai. Da ma'aikatan tashar suka fara shawarar wanda zai tsaya gadi, Zauresh ta bugo musu waya ta ce, "Duk ku sauko ku binne malaminku. In ɗan autan nasa bai yayu yau ba, ba zai taɓa yayuwa ba." Suka kulle ƙofa suka sauko, aka yi masa salla, aka binne shi kusa da mahaifinsa a Talgar. Dusar ƙanƙara ta toshe hanya, sai bayan sadakar bakwai suka iya komawa. Sun tarar rumfuna biyu sun mutu, sauran goma kuwa suna ta aiki, ba su rasa yayyafi ko ɗaya ba. Babban yayyafin bai sake zuwa ba har yau, amma duk ranar da ya zo zai tarar da mai jiransa.

Marigayin ya bar matarsa Zauresh da 'ya'ya uku: Yerbol, likitan dabbobi, da Akmaral, malamar lissafi, da Sanjar, direban jirgin ƙasa. Ita dai Zauresh, in an tambaye ta, huɗu take cewa, kuma duk an yaye su.