Likkafanin da Na Kai Ondarroa

Jidda

Kafin kiran assalatu muka bar unguwar Waziriyya, ni da maigidana. Inna ta rako mu har bakin mota, ta danƙa mini farin yadin da ta jiƙa da zamzam ta shanya.

"Ki tsaya sai kin ga an naɗe Bashir da shi. Kada a rufe mini ɗa kamar maras gata."

Bashir ƙanena ne, yana aiki a jirgin kamun kifi a arewacin Sifaniya. An bugo mana cewa ya rasu a teku.

Bilbao

Ta Istanbul muka bi. A filin jirgin Bilbao wani jami'i ya warware yadin yana kallona. Maigidana ya kwatanta masa da hannu, sai ya ninke shi a hankali ya mayar. Muka shiga bas, hanya tana ta lanƙwasa cikin duwatsu kore shar, yayyafi bai ɗauke ba.

Ondarroa

Garin a matse yake tsakanin dutse da ruwa, gida bisa gida, ko'ina ƙarnin kifi. Usmanu ya tarye mu, ɗan Senegal ne abokin aikin Bashir, yana jin Larabci. Ya nuna mana tsohuwar gada, ya ce kakannin mutanen nan da mashi suke farautar kifin da ya kai girman ɗaki. Sai jan mu yake da labari.

Na ce, "Halas, ya isa haka, ɗan'uwa, kai mu wurin gawar."

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, tekun nan bai cika mayarwa ba."

Na zauna kan tarin igiya. Wata tsohuwa mai ɗinkin taru ta matso, ta nuna ruwan, ta ɗaga yatsu biyu, ta dafa ƙirjinta. Usmanu ya ce mijinta da ɗanta ke nan.

A ɗan masallacin su Usmanu aka yi wa Bashir sallar da ake yi in babu gawa. Na bar wa liman yadin. Ya ce ba zai daɗe a ajiye ba.

Gida

Na tarar da Inna kan darduma. Ko sannu da zuwa ba ta yi ba.

"Ya ishe shi? Kin san shi dogo ne."

Na durƙusa na gaya mata komai. Ta daɗe tana jan carbi.

"To. Allah Ya sa ya ishi ɗan wata."

Mun gode wa Allah da Ya dawo da mu. Wanda ya karanta ya sa Bashir a addu'a.