Babban Yatsan Juwairiya

A Lamorde, idan aka sa ranar biki, kafin a nemi mai kiɗa ana neman Juwairiya mai ƙunshi. Ta koyi sana'ar ne a hannun Goggo Aisatu, wadda ta riƙe ta ita da ƙanwarta Umaima bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba a daɗe ba ta fi goggon iyawa, maganar da har yau ba a yi a gaban Goggo. Zanenta siriri ne, ba ya caɓewa. Har daga Belel ana aiko mota a ɗauke ta.

Amma ranta yana kan aikin ungozoma. Akwai wata amarya 'yar Sahuda da ta yi wa ƙunshi, yarinya mai yawan dariya, wadda shekara ba ta zagayo ba ta rasu wajen haihuwa a kan hanyar asibiti. Juwairiya ba ta cika ba da labarin ba. Abin da take cewa kawai shi ne ta gaji da raka amare zuwa bakin ƙofa, tana so ta kasance a wurin ranar da suka fi bukatar mutum.

Karatu kuwa ta yi shi, babu mai musu. Tana zane a hannun amarya tana bitar sunayen ƙasusuwan da ke ƙarƙashin fatar, har amare da yawa suka tare a gidan miji da ilimin da ba su nema ba. Maƙwabciyarta Liyatu, wadda za su zauna jarrabawar shiga makarantar ungozoma tare, a wurinta take fahimtar abin da ya shige mata duhu.

Sun yi rajista cikin azumi, lokacin da babu bukukuwa, hannun Juwairiya fes. Na'ura ta ɗauki hoton babban yatsanta babu gardama. Jarrabawar kuma ta faɗo bayan salla, daidai lokacin da kowane gida ke aurar da 'ya. Makonni ta yi tana matsa ledar dayis, baƙin rinin nan da ke cin fata, da wannan yatsa.

Ranar jarrabawa ta ɗora shi a kan gilashin na'urar da ke bakin ƙofa. Na'ura ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Ma'aikacin da ke zaune a wurin, wani dattijo mai haƙuri, ya juya yatsan ya duba. Baƙi ƙirin, fatar ta saɓule, ta yi sumul.

“Kai, 'yata, wannan yatsa kin yi mene da shi? Goge a goshi, sake sawa.”

Ta goga a goshi, ta goga a zani, wata ta ba ta lemon tsami. Aka tsayar da ita gefe ana ta wucewa. Sai can, a wani gwaji da ita kanta ta riga ta fid da rai, fitilar ta yi kore. Ta shiga ta tarar mutane sun yi nisa, agogon kwamfuta yana ta cin lokacinta. Tambayar farko ta san ta sarai, jiya-jiya ta koya wa Liyatu ita. Ta karanta, ta sake karantawa, babu abin da ya zauna. Lokaci ya ƙare ba ta kai ƙarshe ba.

Liyatu ta ci, Juwairiya ta faɗi, kuma Liyatu ce ta fi kuka. Unguwa ta shiga bayani. Goggo ta ce bakin mutane ne, wasu suka ce sai kana da wani a sama. Abin da ya fi ba da haushi shi ne masu cewa ai dama mai ƙunshi ina ita ina boko. Juwairiya ta ji zafi ƙwarai, ta yi kwanaki ba ta son fita, amma ba ta karɓi ko ɗaya daga cikin bayanan ba. Ta san inda abin ya lalace, yana nan a hannunta na dama.

Da shekara ta juyo ta gwada aiki da safar roba, zanen ya fito kamar na 'yar koyo. Sai ta sanar cewa daga rajista har jarrabawa ba za ta taɓa dayis ba. Mata suka yi ta zuwa tana ba su haƙuri, tana tura su wurin Halimat, abokiyar gasarta ta tsallaken titi.

Ana cikin haka aka sa bikin Umaima, kwanaki kaɗan kafin jarrabawa.

Goggo ba ta ma ɗauka akwai magana ba. Da ta ji Juwairiya ba za ta yi wa Umaima ƙunshi ba, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

“Ƙanwarki, ciki ɗaya? Kin yi wa 'ya'yan Belel, kin yi wa na Sahuda, ita ce za ta miƙa wa bare hannu? Me za a ce da ni?”

“Goggo, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba.”

“Hannu biyu da ƙafa biyu ne fa! Sau ɗaya!”

“Bara ma sau ɗaya-ɗaya ne ya taru.”

Tun suna yara Umaima take cewa ranar aurenta Adda, wato yayarta Juwairiya, ce za ta yi mata zanen da ba a taɓa yi wa kowa ba. Juwairiya ta tuna, kuma ta san Umaima ta tuna. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, ba faɗan Goggo ba.

Ranar ƙunshi Halimat ta zo da kayanta. Juwairiya ta zauna kusa da ita, hannaye a cinya, tana faɗa mata inda za ta ja da inda za ta tsaya. Zanen ya yi kyau daidai gwargwado. Wajen wuyan hannu layi ya ɗan karkace, Juwairiya ta miƙa hannu ba ta sani ba, saura ƙiris ta karɓi ledar.

Umaima ta janye nata hannun. Ta ɗago ta dubi yayarta.

“Adda, mayar da hannunki. Bar shi a karkace. Ni ba a ƙunshi nake jiranki ba, a ɗakin haihuwa nake jiranki.”

Juwairiya ta mayar da hannunta cinya, ta ce wa Halimat ta ci gaba.